Yadda za ki zaɓi gidan reza na ƙarfe, tsoho ko sabo, ki yi aski ba yanka ba ƙuraje

Rezar nan mai baki biyu da ake saya wajen mai tebur, wadda muke yanke farce da ita, yara su feƙe fensir, tela ya farke ɗinki, ba don a riƙe ta da yatsu aka ƙera ta ba. Ki ɗaga ta ki dubi doguwar tsagar da ke tsakiyarta. Wurin zama ne. Tana da gida na ƙarfe da ake ɗaura ta a ciki, ya rufe ta ruf, ya bar siririn bakinta kaɗai a waje. Yawancinmu mun tsallake wannan gida: ko dai mu riƙe reza tsirara mu yi ta addu'a, ko mu sayi abin askin roba da ake yarwa bayan amfani biyu ko uku.

Don kada mu rikice, idan na ce reza ina nufin ita ƙwayar mai kaifi. Idan na ce gidan reza, ƙarfen da ake ɗaura ta ne, da kansa da mariƙinsa.

Wani Ba'amurke, King Camp Gillette, shi ya yaɗa wannan tsari. Ya kafa kamfaninsa a Boston a 1901, a 1903 kuma gidajen reza 51 da reza 168 kacal ya sayar. Duk cinikin da ya biyo baya na gemun maza ne, sai a 1915 kamfanin ya juyo kan mata da wani ɗan ƙaramin gidan reza mai ruwan zinare a cikin akwatinsa, wanda aka sa wa suna Milady Décolleté. A lokacin ne riguna marasa hannu suka fara tashe a Amurka, hammata ta fito fili, 'yan talla kuma suka ga kasuwa. Ƙafa ta biyo baya da siket ya riƙa gajarta, musamman lokacin yaƙin duniya na biyu da aka karkatar da nailan zuwa kayan soja, safar mata ta yi wuya, mata suka koma fita da ƙafa ba safa.

Mu dai ba talla ce ta koya mana ba. Aske mara da cire gashin hammata suna cikin tsaftar fiɗira, kuma hadisin Anas ɗan Malik ya ƙayyade kada a bar su su wuce kwana 40. Abin da muke nema wurin waɗannan kamfanoni kayan aiki ne kawai.

Ki fara sanin me ake nufi da "na mata"

Fiye da shekara ɗari ana sayar wa mata abin aski da sunan nasu ne na musamman. Idan kin kwance shi kin duba, yawanci bambancin bai wuce launi, da tsawon mariƙi, da kwalin da aka sa shi ba. Rezar ciki ɗaya ce. A 2015 hukumar kare masu sayayya ta birnin New York ta kwatanta farashin kayan maza da na mata masu kama da juna, ta samu na mata sun fi tsada da kashi 7 cikin ɗari a jimlace, abin aski kuwa da kashi 11. Launin hoda ake biya.

A cikin waɗannan bambance-bambance, tsawon mariƙi ne kaɗai yake da amfani na gaskiya. Namiji gemu yake askewa, hannunsa na kusa da fuskarsa, yana kallon madubi, gajeren mariƙi mai kamar santimita 8 ya ishe shi. Ke kuwa za ki sunkuya ki kai idon sawu, ki leƙa bayan gwiwa, hannunki jiƙe da sabulu. Kina buƙatar mariƙi mai santimita 10 ko fiye, kuma mai kaushi, wanda aka yi wa zane-zanen da ke hana santsi. Mai sulɓi yana da kyau a hoto, amma a banɗaki kyan ɗan maciji ne.

Abu na biyu da za ki duba shi ne kai. Akwai mai shinge, wato miƙaƙƙen ƙarfe a gaban bakin reza, akwai kuma mai haƙora kamar matsefi. Mai shinge ya fi sauƙi ga mai koyo. Sannan ki ɗaura reza ki dubi tazarar da ke tsakanin bakinta da shingen: idan ƙarama ce, gidan mai sanyin hali ne, idan da faɗi, mai zafi ne, yana cin gashi sosai yana kuma cin fata. Mai sanyin hali kike so.

Na uku, yadda ake buɗe shi. Wani gida uku yake rabuwa: murfi, faranti, mariƙi. Wani kuma ƙasan mariƙin ake murɗawa, sai kansa ya buɗe ƙofa biyu kamar fukafukan malam-buɗe-littafi, ki ajiye reza ki murɗa ya rufe. Mai ƙofa ya fi daɗin sa reza, yatsunki ba sa kusantar kaifi sosai. Mai rabuwa uku ya fi sauƙin wankewa, kuma ba shi da abin lalacewa.

Idan tsoho kike so

Masu tara kayan da suna son tsofaffin gidajen reza na mata saboda ƙawarsu, ana kuma samunsu a kasuwannin intanet irin su eBay da Etsy, da shagunan tsofaffin kaya a Amurka da Ingila. Amma ba kowane ake iya aski da shi yau ba, kuma a nan mutane da yawa ke jefa kuɗinsu a rijiya.

Tambayar farko kafin ki ji farashi: wace reza yake ɗauka? Akwai Curvfit, wani gidan reza na Amurka da aka lanƙwasa kansa don ya shiga ramin hammata. Dabara ce mai kyau, amma rezarsa ta musamman ce. Akwai Laurel Ladies Boudoir da aka yi a Sheffield ta Ingila, ɗan mitsitsi a cikin ɗan ƙaramin akwatinsa, wanda rezarsa ma ƙanƙanuwa ce ta daban. Irin waɗannan na ajiya a kabad ne, a nuna wa baƙi. Kada ki yi aski da tsohuwar rezar da ta zo a cikinsu ko da tana cikin takardarta, domin shekaru sun ci bakinta. Akwai kuma irin na Schick da Eversharp masu reza baki ɗaya da ake turawa daga wani ɗan kwanso. Ana yin rezarsu har yanzu, sai dai ba za ki same ta a shagon unguwa ba.

Milady Décolleté tana karɓar rezar zamani. Amma mariƙinta gajere ne, kanta mai haƙora ne, kuma irin mariƙan Gillette na wancan zamani sun shahara da tsagewa a jiki. Ba da ita zan ce ki fara ba.

Wanda zan nuna miki shi ne Lady Gillette, da ya fito a farkon shekarun 1960. Dogon mariƙi gare shi mai adon taurari, ya zo da shuɗi, da ruwan hoda, da wani ruwan zinare mai haske. Mai ƙofa biyu ne, kansa mai sanyin hali, yana kuma ɗaukar kowace reza mai baki biyu ta yau. Har maza masu askin kai suna nemansa saboda tsawon nan. Da tsohuwar zuma ake magani, in dai an duba ta da kyau. Ga abin dubawa, ko a hannu ko a hotunan mai sayarwa:

Ƙofofin biyu su rufe daidai, kada ɗaya ta ɗara ɗaya tsayi. Shingen gefe biyu su miƙe, domin gidan da ya taɓa faɗuwa a siminti shingensa kan lanƙwashe, sai gefe ɗaya ya riƙa yanka. Abin murɗawa na ƙasa ya juya ba tare da cijewa ba, kuma idan ƙofofin sun haɗu, su danne reza sosai. Idan ba su danne ta ba, rezar za ta riƙa motsi a ciki, kuma reza mai motsi ita ke tsaga fata. Dusashewar launi ba matsala ba ce. Fentin ƙarfe da ya ɓare a wurin da ke taɓa fata, wannan matsala ce.

Ki juya kan ki dubi ƙarƙashinsa. Daga 1951 Gillette na buga harafi ɗaya da lamba ɗaya a wurin. Harafin shekara ce, lambar kuma rubu'in shekara, daga 1 zuwa 4. Harafin I shi ne 1963, J 1964, K 1965, haka har P a 1970, sai aka tsallake Q aka ba 1971 harafin R. Wanda aka buga wa K da 2, an ƙera shi tsakanin Afrilu da Yunin 1965 ke nan. Wannan ba ya ƙara wa aski komai, amma yana hana mai sayarwa ya ƙara wa kayansa shekaru don ya ƙara kuɗi.

Idan ya iso hannunki, kada ya taɓa jikinki sai an wanke. Ki buɗe ƙofofin, ki jiƙa shi cikin ruwan ɗumi da sabulun wanke kwanuka kamar minti 20, ki bi kowane lungu da tsohon buroshin haƙori, ƙananan ramuka kuma ki sa tsinken sakace. Farin abin da ya daskare tsohon sabulu ne da gishirin ruwa, zai fita a hankali, wani lokaci sai an maimaita jiƙon. Ki ɗauraye, ki tsoma kan a cikin sifirit na 'yan mintuna, ki bar shi ya bushe. Kada ki sa bilic, kada ki goge da soson ƙarfe ko toka kamar tukunya. Launin mariƙin Lady Gillette da ruwan zinaren Milady duk a sama-sama suke, gugar ƙarfi sau ɗaya ta isa ta tafi da su. Idan abin murɗawa na cijewa, ɗigo ɗaya na man keken ɗinki ya wadatar.

Idan sabo kike so

Bayan Gillette ya fito da Daisy a 1975, abin askin roba na mata da ake yarwa, sannan Venus a 2001, gidan reza na ƙarfe ya kusa ɓacewa daga hannun mata a Turai da Amurka. Tsadar kawunan roba da damuwa kan sharar roba suka dawo da shi.

Merkur na Solingen a Jamus yana da 23C mai dogon mariƙi, ba a rubuta mata a jikinsa ba, amma ya cika duk sharuɗɗan da na lissafa. Edwin Jagger na Sheffield yana da kai mai sanyin hali da ya ɗora wa mariƙai kala-kala. Mühle, shi ma na Jamus, ya yi Companion don askin jiki na maza da mata. Parker na Indiya yana da 29L, mai ƙofa biyu da dogon mariƙi, wanda ya ɗauko fasalin tsofaffin na mata. Akwai kuma Leaf na Amurka, wanda kansa ke lanƙwasawa ya bi jiki kamar na roba, yana ɗaukar rabin reza har uku: ana karya reza biyu tun tana cikin takardarta, kamar yadda masu aski ke yi a shago. Yana da tsada, amma ga wadda hannunta ya saba da Venus, shi ya fi kusa da abin da ta sani.

Abu ɗaya da ba a cika faɗa ba: yawancin sababbin masu ƙyalli, kansu na haɗin ƙarfen tutiya (zinc) ne da aka yi wa fenti, ba tagulla ba kamar na da. Suna aski lafiya lau, amma idan suka faɗi a tayil, notin da ke riƙe murfi kan karye, kuma ba ya gyaruwa. Masu ƙarfen da ba ya tsatsa sun fi ƙarko, sun fi tsada. Na arha marasa suna da ake gani a kasuwa, wasu suna da kyau, wasu kuwa reza ba ta zama daidai a cikinsu. Ki ce a ba ki ki ɗaura reza a gaban mai shago. Idan bakin ya fi fitowa ta gefe ɗaya, ko ya karkace daga wannan kusurwa zuwa waccan, ki ajiye.

Rezar kanta

Girman reza mai baki biyu ta yau ɗaya ne a duk duniya, shi ya sa Tiger ko Nacet ko Super-Max ta wajen mai tebur za ta shiga gidan da aka ƙera a Boston shekara 60 da suka wuce. Amma kaifinsu ya bambanta. Feather ta Japan ta yi suna wajen tsananin kaifi, ba ta mai koyo ba ce. Derby ta Turkiyya tana da sauƙi. Astra, da Shark da Lord na Masar, da Dorco ta Koriya suna tsaka-tsaki. Ki nemi wadda aka rubuta ba ta tsatsa. Ki sayi iri biyu ko uku, fakiti ɗai-ɗai, ki gwada kowace na mako biyu kafin ki yanke hukunci. Wadda ta yi wa ƙawarki daɗi tana iya ja miki gashi, domin kaurin gashi ba ɗaya ba ne.

Wajen ɗaurawa, ki kama reza ta gajerun gefunanta biyu marasa kaifi, hannunki a bushe. Idan mai rabuwa uku ne, ki kifa murfi a tafin hannu ko kan tawul, notinsa na kallon sama, ki ɗora reza, ki ɗora faranti, ki murɗa mariƙi. Farantin na da sama da ƙasa, kuma kusan kowa sai ya taɓa juya shi: idan kin ga gidan ya ƙi cin gashi sam, fara duba nan. Ki ɗaure har ya tsaya, za ki ga rezar ta ɗan lanƙwashe ta bi siffar murfi. Haka ake so. Sai ki kalle shi ta sama ki tabbatar baki biyun sun fito daidai.

Shirya fata

Kada ki yi aski a kan busasshiyar fata, ko da kina sauri. Gashin da ya sha ruwan ɗumi yana laushi, reza ta wuce shi ba gardama. Ki bari sai ƙarshen wanka, bayan minti 3 zuwa 5 jiki na jiƙe. Idan gashin ya yi tsawo, ki rage shi da almakashi tukuna, in ba haka ba zai toshe kan gidan tun ja na farko.

Abin askin roba yana da wani ɗan zirin santsi a kansa. Na ƙarfe ba shi da shi, ke za ki kawo santsin. Sabulun aski da buroshi ya fi, amma man aski na kwalba ko kwandishinan gashi ma suna yi. Sabulun wanka yana saurin bushewa, sabulun salo kuma yana da zafi a kan fatar da aka aske yanzu, ki bar shi sai wata rana. Ki shafa wa ɗan wuri kaɗan, ki aske, sannan ki matsa gaba. Idan kin shafe ƙafa gaba ɗaya, kafin ki kai cinya kumfar ta bushe, musamman da hunturu.

Ki zauna. Kujerar tsuguno ko bakin baho, da bokitin ruwa a gefe. Tsayuwa da ƙafa ɗaya a kan tayil mai sabulu, da reza a hannu, ba jarumta ba ce.

Ja na farko

A nan ne duk maganar take. Hannun da ya saba da roba ya saba dannawa, domin roba ba ta da nauyi, sai an danna take ci. Na ƙarfe yana da nauyinsa, kuma nauyin nan shi ne duk dannawar da ake buƙata. Ranar da na fara, na danna shi a kan ƙwauri kamar ina kankare ƙanzo, na kuwa ga sakamako nan take. Ki riƙe mariƙin da yatsu uku, sako-sako, can kusa da ƙarshensa. Riƙon kusa da kai yana sa a danna ba a sani ba.

Kan gidan ba ya juyawa, ke ce za ki nemo kusurwa. Ki ɗora saman murfin a kan fata, mariƙi ya miƙe tsaye daga jikinki. A haka ba ya yanka komai. Sai ki riƙa kwantar da mariƙin a hankali kina ɗan ja, har ki ji rezar ta fara kama gashi. Za ki ji da kunne ma, wani ɗan ƙaras-ƙaras. Nan ne wurin, kusan digiri 30 tsakanin reza da fata. Idan kin wuce nan kin ƙara kwantarwa, kankara za ki riƙa yi ba aski ba, fatar ta yi ja ta yi raɗaɗi.

Ja gajere-gajere, kamar tsawon ɗan yatsa. Ki daskarar da wuyan hannu, motsin ya fito daga gwiwar hannu, don kusurwar ta tsaya yadda kika same ta. Bayan ja uku ko huɗu, ki juya ɗaya bakin, sannan ki kaɗa kan a ruwa. Kullum jan ya tafi gaba, a miƙe. Zamewa gefe, wato rezar ta bi tsawon bakinta, ita ce yanka, kamar yadda wuƙa ke yanka tumatir. Idan za ki canza wuri, ki ɗaga ki sake ɗorawa.

Ki fara koyo a sha-raɓa, inda tsoka take da faɗi. Gashin ƙafa ƙasa yake kwanciya, don haka a makonnin farko ki bi shi daga sama zuwa ƙasa. Idan hannu ya faɗa, fatar kuma ba ta yi ƙorafi ba, sai ki sake shafa kumfa ki hau daga idon sawu zuwa gwiwa don ƙarin sulɓi. Kada reza ta sake bi ta wurin da babu kumfa.

Aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi, in ji Hausawa. A ƙafa, gaban goshin shi ne duk inda ƙashi ya taso. Kan ƙwauri, ki ja fatar gefe da ɗaya hannun ta sauka daga kan ƙashin, ki aske, ki saki. Gwiwa, ki lanƙwasa ta fatar ta miƙe, ki bi ta da 'yan ƙananan ja, kina zagaya ƙoƙon, ba ki haye shi a ja ɗaya ba. Bayan gwiwa akasin haka ne, sai kin miƙe ƙafa. Idon sawu da agara su suka fi zubar da jini: ki tanƙwaso tafin ƙafa sama don agarar ta miƙe, ki tafi a hankali, ki kuma haƙura da 'yan gashin da suka maƙale a ramin idon sawu. Ba wanda zai ƙirga su.

Hammata rami ce, reza kuma miƙaƙƙiya. Ki ɗaga hannu ki kai shi bayan kai har ramin ya baje. Gashin wurin ba hanya ɗaya yake bi ba, na sama yakan kalli sama, na ƙasa ya kalli ƙasa. Ki shafa da yatsa ki gane kwanciyarsa, ki bi kowane ɓangare ta inda ya kwanta. Zagaye biyu ya isa. Yawan maimaitawa ne ke kawo raɗaɗi, kuma fatar da ake yawan ɓata wa rai ita ke yin duhu.

Mara ki bar ta sai kin yi mako biyu ko uku kina askin ƙafa. Ki rage gashin da almakashi sosai, ki sa sabuwar reza, ki samu haske mai kyau. Ki miƙar da fata da hannu ɗaya, ki bi kwanciyar gashi kawai, sau ɗaya, ban da komawa ta baya. A matse-matsi, inda fata ke naɗewa, ki buɗe ƙafa har wurin ya shimfiɗe kafin reza ta sauka. Inda idonki ba ya gani, almakashi ya fi aminci. Mai tsohon ciki da ba ta ganin wurin kada ta yi lalube, ta nemi taimakon maigida ko ta tsaya a almakashi.

Ƙurajen aski

Wannan ya fi shafarmu. Gashinmu murɗaɗɗe ne, idan aka yanke shi ƙasa-ƙasa, tsininsa kan lanƙwaso ya soki fata ko ya ci gaba da girma a ƙarƙashinta, sai ƙurji ya taso, ya warke ya bar baƙin tabo. Abin aski mai reza uku ko biyar an tsara shi ne ta yadda ta farko za ta ɗan jawo gashi, na baya su yanke shi, ragowar ya koma ƙasa da saman fata. Ga mai miƙaƙƙen gashi wannan sulɓi ne. Ga mai murɗaɗɗe, ƙofar ƙuraje ce. Reza ɗaya tana yanke gashi daidai saman fata, kuma wannan ne babban dalilin da zai sa mace baƙar fata ta gwada ta. Amma idan kika riƙa ja da baya, kina miƙar da fata da ƙarfi, kina maimaitawa don neman sulɓin ƙwai, kin dawo da matsalar da hannunki.

Da kin gama, ki ɗauraye da ruwan sanyi, ki ɗan daddanna da tawul, ban da gogewa. Ki shafa man kaɗanya ko wani mai marar turare. Turare da abin hana warin hammata su jira zuwa washegari idan fatarki mai saurin fushi ce. Ranar da kika aske mara ki sa sakakken kamfai na auduga. Bayan kwana biyu ki fara cuɗa wurin a hankali da soso mai laushi lokacin wanka, don matacciyar fata kada ta rufe bakin gashi. Idan ƙurji ya fito, ki dakatar da askin wurin har ya warke, ki gasa shi da tsumma mai ɗumi, kada ki tone shi da allura. Wanda ya yi ruwa, ya kumbura, yana zafi, na asibiti ne. Kuma idan kina shirin gyaran jiki da halawa, ki daina aski mako biyu zuwa uku kafin ranar, domin halawa sai da gashin da za ta kama.

Idan kin yanke, ki danna wurin da tsumma mai tsabta na minti ɗaya ko biyu. Alif, wanda wasu ke kira alimun, irin da ake sa wa ruwa ya kwanta, idan aka jiƙa shi aka ɗora a ƙaramin yanka yana tsayar da jini. Yana da zafi, kuma ba na mara ba ne. Mai ciwon suga, da mai shan maganin tsinka jini, da wadda tabonta kan kumbura ya yi tudu, su yi magana da likita kafin su ɗora reza a jiki.

Bayan an gama

Ki sassauta kan, ki ɗauraye gashi da sabulun da suka maƙale, ki kakkaɓe ruwan, ki ajiye shi a busasshen wuri wajen banɗaki, can sama inda yara ba sa kaiwa. Kada ki goge bakin reza da tawul. Ƙafa biyu fili ne babba, ya ninka gemu sau da yawa, don haka reza ba ta daɗewa: ni bayan aski uku ko huɗu nake canzawa. Da zarar kin ji tana jan gashi maimakon yanke shi, ta gama aiki. Dakusasshiyar reza ta fi mai kaifi yanka mutum, saboda ita ke sa a danna.

Ba a aron reza, ko tsakanin uwa da 'ya, ko tsakanin mata da miji. Ciwon hanta nau'in B da C suna bin jini, kuma ɗigon da ido ba ya gani ya isa. Idan za ki hau jirgi, gidan reza na iya shiga jakar hannu, amma sai kin cire rezar kin sa ta a babban akwati, in ba haka ba za a karɓe ta wajen bincike.

Saura zubarwa. A tsofaffin gidajen Amurka akwai wata 'yar tsaga a cikin kabad ɗin banɗaki da ake jefa tsohuwar reza, ta faɗa cikin bango ta zauna can, har yau masu gyaran gini na fasa bango su tarar da tulinsu. Mu kuwa shararmu hannu ke bi ta kanta: yaran gida, masu kwashe shara, 'yan jari-bola. Ki sami gwangwanin madara na ruwa wanda aka huda aka zuba, ki wanke shi, ki faɗaɗa hudar da wuƙa ta zama tsagar da reza za ta shige. Duk wadda kika cire ki jefa ciki. Zai ɗauke ki shekaru kafin ya cika. Ranar da ya cika, ki bubbuge bakin da dutse ya rufe, ki naɗe shi da salatif, ki rubuta "reza" a jiki kafin ki ba mai sayen ƙarafa.